Gargaɗi Kan Masu Sayar da "Tabbataccen Sakamako" na Gasar NBA

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan'uwa masu bibiyar ƙwallon kwando ta Amurka kan wata damfara da ke farfaɗowa duk lokacin da watan Afrilu ya kama, wato daidai lokacin da ƙungiyoyi 30 na gasar NBA ke kammala wasanni 82 na kakar wasa, hankalin kowa kuma ya koma kan waɗanda za su shiga zagayen fitar da gwani. A wannan tsakanin ne saƙonni ke yawaita a zaurukan WhatsApp da Telegram da shafukan Facebook, inda wani da ba a san fuskarsa ba yake iƙirarin cewa yana da "mutum a ciki" a Amurka, wanda ke sanar da shi wadda za ta ci wasa tun kafin a jefa ƙwallo. Abin da yake nema kawai shi ne a biya kuɗin rajista a shiga zaurensa na musamman. Wasu ma ba sa kiran abin caca, sai su ce zuba jari ne, domin sun san yawancinmu ba za mu kusanci abin ba idan aka kira shi da sunansa na gaskiya, hukuncinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne ga kowa.

Dabarar da ta fi cin mutane tsohuwa ce, kuma lissafi ne kawai. A ɗauka ɗan damfara ya tara lambobin waya 1,600. A wasan farko sai ya gaya wa rabinsu cewa Boston Celtics ce za ta yi nasara, ya gaya wa sauran rabin cewa abokiyar karawarta ce, kuma da yake babu canjaras a ƙwallon kwando, dole mutum 800 su wayi gari suna ganin maganarsa ta tabbata. Sai ya watsar da waɗanda hasashen ya kuskure musu, ya sake raba 800 ɗin gida biyu. Bayan wasa huɗu zai rage da mutum 100 da suka ga ya faɗi daidai sau huɗu a jere, kyauta, ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Waɗannan su ne zai nemi su biya, kuma su ne za su rantse wa abokansu cewa sun gani da idonsu. Gaskiya suka faɗa, sun gani, amma ba su ga mutum 1,500 da aka bari a baya ba.

Bambancin lokaci ma yana taimaka masa. Wasannin gabashin Amurka suna farawa ne bayan sha biyun dare agogon Najeriya da Nijar, na yammaci kuma wajen ƙarfe uku, saboda haka kafin mai barci ya tashi sallar Asuba an riga an goge hasashen da ya faɗi ƙasa, an bar wanda ya dace, an kuma ɗora hotunan takardun cin kuɗi da aka haɗa da kwamfuta. "Sirrin" da ake sayarwa a makon ƙarshe na kaka kuwa, cewa wane ba zai buga ba ko ƙungiya kaza za ta hutar da manyan 'yan wasanta, ba sirri ba ne ko kaɗan. Dokar gasar ta wajabta wa kowace ƙungiya ta fitar da rahoton masu rauni kafin wasa, kuma kowa yana iya karanta shi kyauta a intanet. Ƙungiyar da ta riga ta tabbatar da matsayinta takan hutar da taurarinta, wannan kuwa duk mai kallo ya sani.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mutumin da ya san wasan nan yake yarda akwai tabbas a cikinsa. Ƙungiyoyi shida na farko a kowace shiyya, Gabas da Yamma, su ne ke wucewa kai tsaye, na bakwai zuwa na goma kuma su fafata a kan gurbi biyu da suka rage, daga nan a shiga karawar da sai an ci wasa huɗu cikin bakwai. A 2023 Miami Heat ta sha kashi a hannun Atlanta a wasan neman gurbi, ta shiga da ƙyar a matsayi na takwas, sannan ta fitar da Milwaukee Bucks, wadda ta fi kowa yawan nasara a kakar, da ci 4 da 1, bayan tauraron Bucks, Giannis Antetokounmpo, ya ji rauni a baya a wasan farko, ta kuma kai har wasan ƙarshe. A 2016 Golden State Warriors ta ci wasa 73 cikin 82, abin da ba a taɓa yi ba, tana kan gaba da 3 da 1 a karawar ƙarshe, amma Cleveland ta LeBron James ta ƙwace kofin. Daga 2019, shekarar da Toronto Raptors ta ɗauki kofi ƙarƙashin jagorancin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, zuwa 2025 da Oklahoma City Thunder ta doke Indiana Pacers a wasa na bakwai, ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka zama zakaru a shekara bakwai. Masana da ke cin abinci da nazarin wasan nan sun sha jin kunya a hasashensu, balle wani mai lambar waya da hoton aro.

Za a iya cewa ai an taɓa yin maguɗi a gasar, kuma haka ne, 'yan damfarar ma da wannan suke kafa hujja. Sai dai a duba yadda abin ya ƙare. Alƙalin wasa Tim Donaghy, wanda aka gano a 2007 yana ba 'yan caca bayanai, ɗaurin wata 15 aka yanke masa a 2008. Jontay Porter, ɗan wasan Toronto, kuwa, wanda ya fice daga wasa da wuri da sunan rashin lafiya bayan ya tsegunta wa wasu, an haramta masa gasar har abada a Afrilun 2024, cacar dala 80,000 da aka zuba a kansa don cin sama da dala miliyan ɗaya kuma kamfanin cacar ya riƙe ta bai biya ba, domin girmanta kaɗai ya isa ya tada zargi. Wanda yake riƙe da irin wannan bayani da gaske ɓoye shi yake yi, don ya san kurkuku ke jiransa, ba zai tallata shi ga dubban baƙi a kan 'yan nairori ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai mataki na biyu da ya fi na farko muni. Idan hasashen da aka saya ya faɗi, sai a ce wa mutum an samu matsala daga can, ya ƙara kuɗi a ba shi wasan da zai mayar da asararsa, ko kuma wani sabon mutum ya ɓullo yana cewa zai ƙwato masa kuɗinsa idan ya turo lambar BVN da lambar sirrin da banki ya aiko masa ta waya. Sau da yawa hannu ɗaya ne ke bayan duka biyun. Wanda ya riga ya tura kuɗi kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana hotunan hirar da lambar asusun da aka ba shi tun kafin a goge su, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙorafi ga 'yan sanda ko hukumar EFCC idan a Najeriya yake, sannan ya koma zauren da ya fara ganin tallar ya faɗa wa jama'a abin da ya same shi, domin akwai wasu da ke shirin biya kafin wasan daren yau.