Kafin ka sayi ido mai faɗi na kyamarar 4x5, duba bakin filtarsa

Duk wanda ya girma ya ga mai hoto na bakin kasuwa yana lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle a bayan akwati mai ƙafa uku ya san siffar wannan kyamara. Har yau masu ɗaukar hoton duwatsu da filaye suna riƙe da irinta, saboda fim ɗinta faranti ne guda mai inci 4 da 5, kuma kana iya ɗaga idonta, wato gilashin gaba da hoto ke shiga ta ciki (lens), sama ko ka karkata shi, abin da ƙaramar kyamara ba ta yi. Wahalar tana zuwa ne ranar da ka tashi sayen ido mai ɗaukar fili da faɗi.

A wannan girman fim, ido mai milimita 150 shi ne na tsaka-tsaki. Mai 90 yana ba ka faɗi kwatankwacin 28 a ƙaramar kyamara mai fim ɗin milimita 35, ko ɗan fiye. Akwai 75 da 65, amma ni dai da 90 nake cewa a fara. Daga 75 zuwa ƙasa, ido yana matsowa kusa da fim har zugazugin kyamarar, wato sashe mai naɗewa da ke haɗa ido da fim, ya cure, ya hana ka motsi, sai ka nemi zugazugi mai kamar jaka ko allon ido mai rami. Wani kashe kuɗi ke nan da ba ka sa a lissafi ba.

Lambar da za ka fara nema ita ce faɗin da'irar hoton da idon ke jefawa. Daga kusurwa zuwa kusurwa, fim ɗin 4x5 ya ɗan haura milimita 150. Duk abin da da'irar ta ƙaru a kan wannan shi ne sararin da za ka ɗaga ido don saman dutse ya shigo ba tare da ka kishingiɗar da kyamara ba. Tsohon Angulon 90 f/6.8 na Schneider ƙarami ne, aljihu ma zai ɗauke shi, amma da ƙyar yake rufe fim ɗin. Ka ɗaga shi kaɗan, kusurwoyi su yi baƙi. Super-Angulon 90 f/8 da Fujinon SW 90 f/8 kowanne yana ba da da'ira mai milimita 216, Grandagon-N 90 f/6.8 na Rodenstock 221. Nikkor SW 90 f/8 kuwa 235 yake bayarwa, daidai da manyan yayyensa masu f/4.5, alhali nauyinsa bai kai gram 400 ba. Shi ya sa masu hawan dutse da kaya a baya suke rububinsa, kuma tun da Nikon ta daina yin waɗannan idanu a 2006, sai dai na hannu.

To me ya sa wasu ke biyan ƙari su ɗauki f/4.5 ko f/5.6? Lambar f tana nuna girman ƙofar da haske ke shiga ido, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske. Ba don hoton ya fi kyau ba, domin kusan kowa a f/22 yake ɗauka. Don gani ne. Da asuba, ƙarƙashin ƙyalle, gilashin baya da kake kallon hoton a kansa duhu ne da ido mai f/8: tsakiya kaɗai ke haske, kusurwa kuwa sai ka karkata kai ka kafa madubin ƙara girma kana lalube. Na taɓa ajiye ƙaramar tocila a kan wani dutse a gaban kyamara don kawai in sami abin da zan daidaita gani a kansa. Idan idonka ya fara gajiya, wannan dalili ne na gaske.

Amma ga tarkon. Idanun 90 masu f/8 da f/6.8 da na lissafa, ban da tsohon Angulon, bakinsu da ake murɗa filta, wato gilashin da ke tace haske, milimita 67 ne. Masu f/4.5 da f/5.6 yawanci 82 ne, Super-Angulon XL 90 kuma 95. Ba ido kaɗai kake saya ba, har da girman kowace filta da za ka riƙe nan gaba. Wanda ya tsaya a 67 yana iya ƙara Nikkor SW 75 ko Super-Symmar XL 110, mai da'ira 288, filtocinsa na nan suna aiki.

Filtar tsakiya ita ce ake yawan gardama a kanta. Kowane ido mai faɗi yana kai haske kusurwa ƙasa da yadda yake kai wa tsakiya. A 90 bambancin kan kai mataki ɗaya, wato rabin haske, ko fiye, yana ƙaruwa in ka ɗaga ido. Filtar tana da duhu a cibiya, tana washewa zuwa baki, sai ta daidaita su. Kuɗinta shi ne kusan mataki ɗaya da rabi na haske, ba ta aiki sosai sai ka rufe ƙofar haske zuwa f/16, kuma ta hannu wani lokaci farashinta na gogayya da na idon kansa. Ga fim ɗin baƙi-da-fari irin FP4 Plus ko nagatif mai launi irin Portra, a 90 ban ga dalilinta ba. Ɗan duhun gefen ma yana riƙe idon mai kallo cikin hoto. Ga fim ɗin silaid irin Velvia 50, wanda ba ya yafe kuskuren haske, ko ido 75 zuwa ƙasa, lissafa ta cikin kuɗin tun farko. Ka kuma sani gabanta ya fi bayanta faɗi, ta 67 takan fito da baki 86, don haka sauran filtocinka ba za su hau kanta ba.

Filtar folaraiza tana da amfani wajen kashe ƙyallin ruwa da ganye bayan an ɗauke ruwan sama. A kan sararin sama mai faɗi kuwa ɓarna take yi, gefe ɗaya ya yi shuɗi ƙirin ɗaya ya yi fari, domin ƙarfinta ya dogara da inda rana take. Mai arha da ake kira liniya ta wadatar, tunda babu madubi a cikin kyamarar. Ga baƙi-da-fari, rawaya mai lamba 8 tana cin mataki ɗaya, ja mai lamba 25 uku. Rawayar za ka fi ɗauka. Ja tana fito da gajimaren damina kamar a taɓa, amma a lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ta mai da sama fari fat, babu shuɗin da za ta duhunta, asarar haske kawai za ka yi.

Filta mai rabin duhu, wadda ke rage hasken sama ta bar na ƙasa, ta faranti, irin tsarin milimita 100 na Lee, ta fi ta murɗawa, saboda kana iya zame layin zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa. Rufe ƙofar haske kafin ka zame ta, in ba haka ba layin ba ya fitowa a gilashin baya.

Tunda na hannu za ka saya, galibi daga Japan ko Jamus, nemi a haska maka tocila ta cikin gilashin a ɗauki hoto. Zare-zare kamar yanar gizo naman gwari ne, bar shi. Fararen ɗigo a bakin gilashin tsofaffin Schneider fenti ne ke sakewa, ba ya taɓa hoto, sai dai ka nemi ragi da shi. Ka kuma sa a danna maka makullin Copal ɗin, wato na'urar da ke buɗe ido ta rufe lokacin ɗaukar hoto, a daƙiƙa ɗaya ka saurara: in ƙarar na jan ƙafa ko tana tsayawa a hanya, mai ya daskare a ciki, sai ka cire kuɗin gyara daga farashin.