Injin ban ruwa mai sola, bayan rani ɗaya

Jama'a injin ban ruwan nan mai sola da na sayo a kasuwar Haɗeja gaskiya ya yi, tun hantsi yake jan ruwa har la'asar ba ruwana da fetur, tattasai da albasa duk sun ƙoshi. Amma da hazo ya sauko sai ya koma kamar tsoho mai tari, tiyon da aka haɗo da shi kuma shirme ne, sati 3 ya tsage.

Mu nan sai an sako ruwa daga dam ɗin Tiga ko Challawa muke ganin ruwa a kogi, ga ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwan. Baffana kullum faɗa wai in rage ja, ruwan nan ba namu bane mu kaɗai, shi ke bi ta Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, mutanen Diffa a Nijar su yi noma da shi, sauran ya faɗa tafkin Chadi da ƙasashe suka kafa wa hukuma tun 1964. Nace to Baffa naji, yanzu da azahar nake kashewa. In zaka saya dai ka nemi tiyo daban.