Daga Faris zuwa Damagaram: ruwa a famfo, tela da tsada

Yaya, barka da war haka. A gaida mani Inna da Baba da duk mutanen gida a Birni. Ka ce in ba ka labarin zaman Faransa, to ga abin da na gani cikin wata huɗu.

Ruwa ne ya fara ɗaure mani kai. Ko tsakar dare ka murɗa famfo zai zo, na sanyi da na zafi, kuma shi ake sha. Satin farko sai da na cika bokiti biyu na ajiye, saboda sabo. Abokin zamana, wani ɗan Mali, ya yi ta dariya. Ni kuwa Inna na tuna lokacin bazara, jarkoki jere a ƙofar gida ana jiran mai ga-ruwa.

Yuro ɗaya sefa 656 ne, kuma wannan lissafin ya kusa hana ni cin abinci. Katin shiga jirgin ƙasa da bas na wata ɗaya kusan yuro 90, wajen jika 59 ke nan. A kanti farashi a rubuce yake, babu tayi, babu "albarka", balle gyara. Kaza tana da sauƙi, amma ina za ta kama ƙafar zabon Kasuwar Dole? Kuka da busasshiyar kuɓewa sai na je unguwar Château Rouge, inda shagunan 'yan Afirka suke, ɗan ƙulli a kuɗin tiya guda.

Inda na sha mamaki sosai wajen aikin hannu ne. Zif ɗin wandona ya lalace, tela ya ce yuro 15, kuma in dawo bayan kwana biyar. Wandon kansa bai kai haka ba! A gida tela mai yawo da keke a kafaɗa zai gyara shi kana tsaye. Aski ma haka, har na sayi injin, muna yi wa juna. Likita kuwa sai da randebu, ganinsa yuro 30, amma ana maido maka mafi yawa in kana da katin Vitale, wato katin inshorar lafiya na Faransa.

In ka samu mai zuwa, a aiko mani da kuka da yaji. Kada a sa kilishi, 'yan duwan ba sa barin nama ya shigo. Ka ce wa Inna na koyi riƙe allura.