Canjin bututun salansa a wani gareji a Gusau

Na kai motata ƙirar Toyota RAV4 wani gareji a Gusau bayan tsatsa ta huda bututun salansa, kuma aikinsu ya gamsar da ni. Bakaniken bai yi gaggawar cewa a sauya salansar gaba ɗaya ba. Ya yanke wurin da ya ruɓe, mai walda ya jona sabon bututu, aka bar matatar hayaƙi, wato ɓangaren salansa da ke rage gubar hayaƙin inji, yadda take. Wannan ne ya rage kuɗin ƙwarai, domin matatar, wadda ke ɗauke da ƙarafa masu daraja irin su filatinam, ita ce mafi tsada a salansa. Kuɗin aiki bai yi yawa ba, sai dai an ƙara mini kuɗin man janareta, abin da ya kamata a sanar da mai mota tun wajen ciniki.