Gyara ko Sauyawa: Tsohuwar Na'urar GPS ta Jirgin Ruwa

Ɗan'uwa, ka ce na'urar GPS mai taswira da ke jirginka ta haura shekara 15, yanzu tana mutuwa idan ka tayar da inji, tana daɗewa kafin ta nuna inda jirgi yake, kwanan watan da take nunawa kuma ba daidai ba ne, shi ya sa kake tambaya ko gyara ya fi ko sayen sabuwa. A ganina, alamomin nan uku ba tushensu ɗaya ba, kuma sai an san wacce ce ke wajen akwatin, wacce ce ke cikinsa, kafin a yanke hukunci.

Mutuwar da take yi lokacin tayar da inji galibi ba laifinta ba ne. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6, amma idan sitata ta ja wuta yakan faɗi zuwa volt 10 ko ƙasa da haka, kuma a nan ne na'urori da yawa suke ɗaukewa. Ka auna da mita a filogin da ke bayan na'urar yayin da wani yake tayar da injin, sannan ka auna a kan batirin. Idan batir ya nuna 11, filogi ya nuna 9, to a hanya wutar take ɓacewa. Ka buɗe gidan fis ka duba ko akwai koren gari a bakinsa, ka kuma fere robar wayar kaɗan, domin iskar gishiri tana bin ƙarƙashin roba har jan ƙarfen ya yi baƙi alhali wajensa na nan lafiya lau. A wannan ɓangaren gyara ya fi nesa ba kusa ba, tunda sabuwar na'ura ma, in aka ɗora ta a kan wannan wayar, haka za ta riƙa mutuwa.

Jinkirin kama taurarin ɗan'adam da na'urar ke dogara da su wajen gano inda jirgi yake kuwa yana iya fitowa daga wuri biyu. A cikin tsofaffin na'urori akwai ƙaramin batir da ke riƙe bayanin inda taurarin suke, kuma idan ya ƙare, na'urar takan fara nema daga farko a duk kunnawa, cikakken bayanin nan kuwa yana ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya sauko. Ka bar ta a fili na rabin awa; idan ta kama sosai, ta sake mantawa bayan ka kashe ta, to batirin ne, kuma mai gyara zai iya canza shi. Idan kuwa sandunan ƙarfin sigina gajeru ne duka, ko ba ta samun taurari huɗun da take buƙata, sai ka koma kan eriya, ka duba ko murfinta ya tsage ruwa ya shiga, ka kuma kashe fitilun LED da ke kusa ka ga ko siginar za ta tashi.

Batun kwanan wata shi ne wanda sukudireba ba ta isa gare shi. Tsarin GPS yana ƙirga makonni zuwa 1024 ne, wato kusan shekara 19 da rabi, sannan ya koma sifili, kamar yadda ya faru a watan Agusta na 1999 da kuma 6 ga Afrilu, 2019. Sau da yawa matsayin jirgi yana nan daidai, amma lissafin cikar teku da janyewarta ya lalace, wanda ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai shiga mashigi marar zurfi. Maganinsa sabuwar manhaja ce daga kamfanin da ya ƙera ta, idan ya fitar.

Sabuwar na'ura tana kama taurarin GLONASS na Rasha da Galileo na Turai ban da na GPS, amma abin da ya fi nauyi a wurina shi ne taswira, domin tudun yashi yana ƙaura, ana kuma matsar da alamomin hanya, katin taswirar da aka daina sabuntawa kuwa bai san da haka ba. Sai dai sauyin yana da nasa wahalar: tsohuwar tana magana da rediyo da na'urar tuƙi ta hanyar tsarin sadarwar na'urori mai suna NMEA 0183, sababbi da yawa kuma sun koma NMEA 2000, don haka za ka iya buƙatar na'urar da za ta haɗa su, filogin ma'aunin zurfi ma ba lalle ya shiga ba.

Da ni ne, zan fara da waya da eriya, tunda ko an sauya na'urar sai an gyara su. Idan har ana sabunta katin taswirarka kuma akwai manhajar da ke gyara kwanan watan, ka riƙe tsohuwar. Idan babu, ka sayi sabuwa ka bar waccan a matsayin madadi. Kafin ka bari a buɗe ta, ka kwafe duk wuraren da ka adana a kati, ko ka rubuta lambobinsu a littafi, domin cire ƙaramin batirin yakan share su.