Dantokpa ko Asigame: amsa ga Hajiya mai shirin tafiya gaɓar teku

Hajiya, kin ce sari zai kai ki Lome ta Togo da Kwatano ta Benin, rana ɗaya tak za ta rage miki ta yawo, kina tambaya a wace kasuwa za ki yini ki ci abincin gari ki yi 'yar sayayyar tsaraba. Na yini a duka biyun. In don ciki ne, Dantokpa ta Kwatano. In don zane ne, Asigame ta Lome. Tsakanin garuruwan kamar kilomita 150 ne, ga iyaka a tsakiya, don haka kar ki ce za ki haɗa su a yini guda.

Dantokpa tana bakin ruwa a Kwatano, kuma girmanta ba a magana. Ki ɗauki Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, ki ninka ta sau da yawa, ki ƙara mata zafi mai danshi da ƙarnin kifi. 'Yan kabu-kabunsu, waɗanda suke kira zemijan, masu rawayar riga, su za su sauke ki a bakinta. Da safe ki nemi atasi, shinkafa da wake ce da soyayyar miyar tumatir, bakinki ba zai yi baƙunta ba. Da rana ne ake gane mutumin Damagaram. Za a miƙo miki akasa a naɗe cikin ganye, kafa ce ta masara mai ɗan tsami, mu da muka saba da tuwon hatsi sai mu ji kamar ba mu ci komai ba. Ni amiwo na fi so, tuwon masara ja da aka tuƙa cikin romo da tumatir. Ki ce a sa miki wagasi, cukun Fulanin arewacin Benin. Ba irin namu busasshe mai fāɗi ba ne, wannan laushi gare shi, jan bayansa kuma na karan dafi ne. In aka soya shi aka jefa a miya, nama ma sai ya jira. Abarbarsu doguwar nan mai farin ciki kuwa, har yau ina tuna ta in na ga waɗanda ke iso mana nan a galabaice.

Asigame, babbar kasuwar Lome, ta fi sauƙin sha'ani. Tana kusa da teku, daf da babbar majami'ar garin. Gobarar Janairun 2013 ta cinye babban gininta, amma cinikin atamfa bai mutu ba, ya bazu cikin layukan kewaye. Nan ne gidan matan da ake kira Nana Benz, waɗanda suka yi arziki da atamfar Holan har suka hau Marsandi tun ana kallonta da baki buɗe. Ki lura fa, kwaikwayon Sin ya cika wurin, zane iri ɗaya, kuɗi daban. Ki juya turmi ki duba bayansa da rubutun gefensa kafin ki taya. Abincin Lome kuma sakwara ce sarauniya, fufu suke ce mata, ana kirɓa ta a gabanki. Akwai ablo, wani farin abu kamar waina amma turara shi ake yi, da ɗan zaƙi, ana ci da soyayyen kifi da barkono.

Maganar nama ita ce wadda na fi so ki riƙe. A garuruwan biyu ana sayar da alade da naman daji a fili, wani lokaci tukunya kusa da tukunya. Ni kifi nake ci a cikin kasuwa, in na so nama sai in nemi 'yan uwanmu. A nan Kwatano ta yi nasara: unguwar Zongo tana cikin gari, ga masallaci, ga masu tsire da suke kira cacanga, da Hausa za ki yi ciniki. Zongon Lome kuwa yana can Aguwe, arewacin gari, sai kin hau abin hawa mai ɗan nisa.

Kuɗi ɗaya ne da namu, sefa, ba ruwanki da 'yan canji. Sai dai ki ajiye lissafin dala a gida. In mai tuwo ta ce san faran, wato faran ɗari da Faransanci, dala ashirin take nufi, ba dala ɗari ba. Na taɓa miƙa wa wata dala ɗari a kan haka, ta karɓe tana ta sa min albarka, sai da na hau babur na gane. Ki tanadi canji ƙanana, don takardar jikka goma guda tana iya hana ki cin abinci.

Tunda kayanki ta tashar jirgin ruwan Lome suke, kamar na yawancinmu tun rufe iyakar Nijar da Benin ta Gaya a 2023, ni da ke ce sai in bar ranar a Lome: atamfa da safe, sakwara da kifi da azahar, la'asar a bakin teku. Garin rogo da man ja kuwa ki saya a ranar tashi, kuma ki sa a ɗaure bakin jarkar da leda biyu.