Sharhi: Ryzen 9 7900X da RTX 4070 Ti Super, don gem da tace bidiyo

Kayan da na haɗa na yi aiki da su: firosesa Ryzen 9 7900X, katin hoto RTX 4070 Ti Super, madabod B650, RAM DDR5 gigabait 64, SSD guda biyu, da na'urar ba da wuta mai wat 850. A gem ba ni da ƙorafi. A tace bidiyo akwai wani gurbi guda da ya kamata mutum ya sani kafin ya saya, zan zo kansa.

Da gem kaɗai ake so, firosesa Ryzen 7 7800X3D ta fi dacewa, domin ma'ajiyarta ta L3 (ƙwaƙwalwa mai sauri da ke cikin firosesa) mai megabait 96 tana ƙara wa wasa santsi. Sai dai cibiya (core) 8 gare ta, ita kuwa 7900X 12, kuma a nan bambancin yake fitowa idan an zo fitar da dogon bidiyo. Zafi ne halin 7900X. An ƙera ta ta riƙa hawa har digiri 95 idan aiki ya yi nauyi, kada wannan ya tsorata ka. Ba ta zuwa da fanka a kwali. Idan ka shiga BIOS (saitunan madabod) ka saita Eco Mode a wat 105, zafi da ƙarar fanka za su ragu sosai, saurin da za ka rasa kuma bai taka kara ya karya ba.

Katin hoton shi ne inda kuɗi ya fi cancanta. Gigabait 16 na ƙwaƙwalwarsa sun fi ƙarfin gudunsa muhimmanci ga mai amfani da manhajar DaVinci Resolve ko Blender, domin kati mai gigabait 8 yakan cika da zarar an ɗora gyaran launi da rage hatsi-hatsin hoto a kan 4K, sai manhajar ta tsaya cak. Yana kuma fitar da bidiyo a tsarin AV1 da kansa. A kula da kebul ɗin wutarsa mai fil 16: a tura shi har sai an ji ƙas, a duba da fitila a tabbatar babu rata, kada kuma a lanƙwasa shi daf da bakin. Rashin shigarsa sosai ne ke jawo zafi har robar ta narke, kamar yadda aka gani a wasu RTX 4090.

To, ga gurbin. Kyamarori da dama na Sony da Canon suna ɗauka a tsarin bidiyo na H.265 mai bit 10 da launi 4:2:2. Katunan RTX 40 ba sa warware wannan tsari, sashen hoton da ke cikin Ryzen ma haka, don haka duk nauyin yana komawa kan firosesa. Kana jan layin lokaci (timeline) a manhajar tace bidiyo, hoton yana tsalle yana maƙalewa, alhali katin na zaune ba ya komai. Mafita ita ce a yi ƙananan kwafi masu sauƙi a tace da su, wanda ke cin lokaci da wurin ajiya. Mai irin wannan kyamara gara ya ɗauki firosesar Intel mai Quick Sync, wato sashen sarrafa bidiyo na cikinta (ban da masu harafin F, ba su da shi), ko katin RTX 50 na 2025, wanda ya zo da wannan damar.

RAM kuwa sanda biyu masu gigabait 32, a ramin A2 da B2. Kada a cika ramuka huɗu da nufin ƙari, domin a hukumance gudun RAM ɗin yana faɗowa zuwa MT/s 3600. Sai an kunna EXPO (saitin ƙara gudun RAM a BIOS) sannan za ta kai 6000, in ba haka ba tana nan a 4800. Kunnawar farko allo zai iya zama baƙi na 'yan mintuna yayin da madabod ke daidaita ta. Ba lalacewa ba ce, a bar ta.

SSD ɗaya na Windows da gem, ɗaya na fayilolin aiki. Na biyun ya zama mai nau'in ƙwaƙwalwa TLC, domin nau'in QLC yana rage gudu sosai a tsakiyar kwafin babban fayil. Kafin sayen akwatin kwamfutar a auna tsawon katin, da yawansu sun haura santimita 30, sannan fanka irin Noctua NH-D15 tana buƙatar milimita 165 kafin murfi ya rufu.